Aikin da Auta Ta Ce a Ajiye

4 ga Fabrairu

Auta,

Ina gaishe ki, ke da ɓerayenki. Mu nan sai godiya. Inna gwiwar nan ce dai, in ta zauna sai an miƙa mata hannu, amma bakin yana nan garau, jiya ma sai da ta wanke ni tas don na shigar mata ɗaki da takalmin shago. Antinki tana kan keken ɗinkinta. Yara lafiya, babbar har ta kere uwarta tsawo.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mai faci. Ba son rubutu ne ya kama ni da tsufa ba. In kin kira, Inna ce take karɓe wayar ta sa a buɗe murya kowa ya ji, in saƙo ne kuma jikokinta su karanta mata. Wannan maganar kuwa ba ta kunnen Inna ba ce.

Wata biyu ke nan bayana yana ciwo, nan tsakanin kafaɗu, muryata kuma ta dishe kamar na kwana ina faɗa da direbobi. Antinki ta matsa, na je asibiti. Suka ɗau hoto, suka ƙara, daga ƙarshe suka tura ni cikin wata na'ura mai rami a tsakiya kamar tayar tirela. Likitar, wata siririya mai gilashi da ba ta wuce sa'arki ba, ta ce babbar jijiyata ta kumbura. Na ce a raina, to ai da sauƙi, jijiya ce. Na wuce wurin mai tausan nan na bayan gareji, ya kwantar da ni ya bi bayana da gwiwar hannu har sai da na ga taurari.

Da na koma na ba ta labari, wallahi sai da ta cire gilashin ta ajiye. Ta ce ba irin wannan jijiyar ba, wai babbar hanyar jini ce da ta fito daga zuciya, kuma faɗinta ya wuce santimita biyar da rabi. Ta ce sai an yi mini aiki. A buɗe ƙirji, a yanke wurin, a sa wani abu kamar tiyo. Sun ba ni ashirin ga Afrilu. Na sa hannu, Auta, amma sai da na daɗe ina juya biron, ni da nake ɓamɓare tayar tifa ni kaɗai.

Sai ta tambaye ni me ya kashe Baba. Na ce ciwon baya na yini ɗaya. Ta daɗe tana rubutu ba ta ɗago ba, ni kuma abin bai yi mini daɗi ba.

To likitar ɓeraye, ba wannan jijiyar kike bincike a kai ba? Shekara shida kina kiwon ɓera a ƙasar mutane, in an tambaye ni me kike yi sai na ce sirri ne don kada na ji kunya. Yanzu ki yi mini bayani da Hausa, irin wadda Inna za ta gane. Ga takardar hoton nan na haɗo miki. Tsoro nake ji, ke kaɗai na faɗa wa.

Yayanki

*

26 ga Fabrairu

Yaya,

Na sami takardarka, kuma ina fatan tawa za ta same ku lafiya, kai da Inna da Anti da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai mura. A tsaye na karanta, a bakin ƙofar ɗakin bincike, da safar hannu ba ta gama fita ba. Da na zo wurin mai tausa sai da na nemi kujera. Haba Yaya! Gwiwar hannu? Kada mutumin nan ya ƙara kusantar bayanka. Maganin hawan jinin da na ga sun rubuta maka kuma ka sha kullum, ba sai ranar da kai ya sara ba, na san halinka.

E, ita ce jijiyar da nake aiki a kanta. Tunda ka ce da Hausa, to saurara.

Bangon wannan jijiya hawa uku ne. A na tsakiya akwai wasu ƙananan ƙwayoyin nama, su ne suke riƙe shi, suna miƙewa suna dawowa da kowane bugun zuciya, tun ana cikin ciki har ranar da aka tafi. Mai irin wannan wahala dole kayan cikinsa su riƙa lalacewa. To kowace ƙwaya tana da dabararta: takan tattara abin da ya lalace a cikinta, ta naɗe shi a 'yar jaka, ta narkar, ta sake gina sabo da shi. Masana suna kiran wannan otofaji, ma'anarsa cin kai. Ba cin kai na mugunta ba, shara ce irin ta Inna, wadda ba ta zubar da komai sai ta duba ko zai yi wani amfani.

Ɓerayen da kake yi mini dariya a kansu, mun kashe wa wasu wannan sharar da gangan. Tarkace ya taru a ƙwayoyin, suka yi ta mutuwa, bango ya yi laushi ya kumbura. A wasu kuma hawan ciki ya tsage, jini ya kutsa tsakanin hawa da hawa yana raba su. Kai ka fi ni sanin wannan, ka sha ganin tayar da zarenta ya saki ta ciki ta kumbura a gefe. Sai muka ɗauki wasu ɓerayen muka ba su wani magani da yake tayar da sharar. Yaya, a cikinsu da yawa kumburin ya tsaya cak. Ranar da na ga hoton farko a na'ura, fita na yi na zagaya ginin sau biyu ina dariya ni kaɗai, mai gadi yana kallona. Ga abin da ƙanwarka take yi, ka daina cewa sirri ne.

Maganar Baba, mu bar ta sai mun haɗu. Ba ta takarda ba ce.

Takarda ta kusa ƙarewa, ga kuma ɓeraye suna jiran awo. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi komai. Aikin nan, Yaya, don girman Allah ka ajiye shi tukuna. Jikinka ba zai ɗauka ba yanzu. Na shigar da takardar neman hutu, ina tafe. Ka yi mini wannan ko da ba ka taɓa jin maganata ba.

Ka gaida Inna, ka ce mata ta rage hawa matakalar nan.

Autarku

*

20 ga Maris

Likitar ɓeraye,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Inna ta ce murar nan rashin rufe kai ne, ba komai ba.

Allah ya yi miki albarka, ya biya ki. Kin sauke mini dutse daga ƙirji. Ranar da takardarki ta zo na ci abinci har na nemi ƙari, Antinki ta tsaya tana kallona da ludayi a hannu.

Washegari na je asibitin na ce a ɗage aikin. Mai gilashi ta yi ta magiya, ta kira wani babbansu mai furfura, shi ma ya zauna ya yi ta zane a takarda. Na ce musu ku yi haƙuri, ƙanwata ita take binciken wannan jijiyar, kumburin ma tsayar da shi take yi, kuma ta ce a dakata tana tafe. Mai furfura ya ce shi bai san da wani magani irin wannan ba. Na ce ai ba za ka sani ba, sabo ne, bai iso nan ba. Ya ce in na bar ranar, wani za a ba, layin da tsawo. Na ce a ba shi, Allah ya ba shi lafiya. Suka sa na sake sa hannu, wannan karon ko gezau.

Kin ji ai da kika kira ran Lahadi kika ce yaya maganar aikin, na ce na ajiye kamar yadda kika ce, kika ce alhamdu lillahi hankalinki ya kwanta. Inna tana gefe tana tambaya wane aiki, na ce wani kwastoma ne mai rigima.

Mai tausa na sallame shi, magani ina sha. Shago kuma ya buɗe sosai, wani kamfanin tifa ya kawo mini motoci takwas a canza musu taya. Bayan yana ɗan taɓa ni in na ɗaga, amma da na tuna kina hanya sai na ji ƙarfi.

Abin da kika ce na cin kai ya tsaya mini a rai. Jiya ina zaune ina kallon tarin tsofaffin tayoyi a bayan shago, na ce ashe jikin mutum ya fi ni tsari. Na ba direbobi labarin, wani ya ce to shi matarsa ta daɗe tana cin kansa, aka yi ta dariya.

Ki taho da shi da yawa. Ni ba ɓera ba ne, buhu guda ne ni da rabi. In allura ce ma zan daure.

Yayanki, mai jiran ki

*

11 ga Afrilu

Yaya,

Ka kashe mini waya, na sake kira sau tara ba ka ɗauka ba. To ga shi a rubuce, ka karanta ko ka yaga. Ban ma tambayi lafiyar kowa ba, Allah ya sa kuna lafiya.

Yau takardarka ta zo, sati uku tana yawo a hanya. Sati uku kana ɗaga tayar tifa. Innalillahi.

Shago nake nufi! Aikin faci, ɗaga taya, guduma, jak, shi na ce ka ajiye. Duk nishin da ka yi ka ɗaga abu mai nauyi, jini yana dukan bangon nan da ƙarfin da ba zai iya ɗauka ba. Aikin asibiti kuwa na ɗauka maganarsa a rufe take tunda ka sa hannu, shi ya sa ban taɓo shi ba, ban so na ƙara maka tsoro. Na dubo kwafin takardata na karanta layin ya fi sau ashirin. Kalma ɗaya ce ban sa ba. Ni da ake biya don na auna abu daidai.

Babu magani, Yaya. Babu abin da zan taho da shi sai jakar kayana. Abin da na faɗa maka a ɓera ne, ɓeran ma ba duka ba. Na ba ka rabin labari saboda ina so ka yi alfahari da ni. Ragowar shi ne, wannan cin kan ba mu gama gane shi ba. In ya yi kaɗan, tarkace ya kashe ƙwayar. In ya yi yawa, ƙwayar ta cinye har abin da take buƙata, ita ma ta mutu. Naman jijiyar mutane da ake kawo mana daga ɗakin tiyata, muna ganin jakunkunan sharar sun cika shi fal, kuma har yau muna gardama: sharar ce ta yi yawa, ko kuwa an tara ne an kasa kwashewa? Ko da mun gane gobe, bangon da ya riga ya buɗe kamar naka ba ya komawa. Kai da bakinka kake korar masu kawo tayar da ta kumbura a gefe, kana cewa wannan ta wuce faci.

Yanzu maganar Baba, tunda ka ja ni. Ba ciwon baya ba ne. Jijiyar nan ce ta tsage. Ka tuna ya ce kamar ana yaga shi daga ƙirji zuwa baya? Ina da shekara goma sha huɗu, ina riƙe da kofin ruwan da bai sha ba. Sai da na shiga jami'a na gane abin da na gani, kuma shi ya kawo ni ɗakin binciken nan. Ciwon yana bin jini, Yaya. Ni duk shekara ana duba tawa, ban taɓa faɗa muku ba, wannan ma laifina ne.

Inna ta ji komai a wayar, na sani, kuma ban yi nadama ba. Gobe da safe ka koma wurin mai gilashi, ka roƙe ta. Na rubuta mata ni ma. Ka rufe shagon nan da kwaɗo ka ba Anti makullin. Hutuna sun ce sai Yuni, na yi kuka a ofishin shugabanmu, bai canza komai ba.

In wani abu ya same ka, ni na yi. Ban san yadda zan ɗauki wannan ba.

Auta

*

3 ga Mayu

Auta,

Muna lafiya. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta shigo ta zauna a bakin gado ta riƙe mini ƙafa kamar yaro. Yanzu ko buta na ɗauka sai ta yi ihu.

Na koma. Mai gilashi ba ta yi mini gori ba, Allah ya saka mata. Ranar tawa an ba wani tsohon malamin makaranta, an yi masa, har na gan shi yana takawa a baranda da matashi rungume a ƙirji. An sake sa ni a na'urar, sun ce faɗin ya kai santimita shida. Sabuwar rana goma sha ɗaya ga Yuni, in wani ya fasa za su kira ni kafin nan. Shago a rufe yake, makulli yana cikin gwangwanin maɓallan Antinki. Ina zaune a tsakar gida ina tsinke mata zare, ni da ƙattin hannuwan nan.

Yanzu ki buɗe kunne, don ba zan maimaita ba. Wannan maganar ta “ni na yi”, ki tofar da ita. Na gane abin da kike nufi tun karatun farko. Ni yaro ne? Mutum yana da jijiya a kumbure, ƙanwarsa likita ta ce ya ajiye aiki, wane aiki ne in ba na ƙarfi ba? Sarai na sani. Tsoro ne kawai. Ni na ɗauki Baba a bayana zuwa mota, na ji lokacin da ya yi nauyi. Tun da suka ce za su buɗe ƙirjina nake neman ƙofar gudu, sai ga layinki da ƙofa biyu, na bi wadda ta yi mini. Da ba ki rubuta ba ma da wani dalilin zan samo, kin san ni da wayon banza. Saboda haka laifin nawa ne ni kaɗai, kada ki yi mini kwaɗayinsa.

Ki koma kan ɓerayenki. Ki gano mini ko sharar ce ta yi yawa ko kwashewa aka kasa, don ina da yara uku kuma kin ce abin yana bin jini. Mai gilashi ta ce a kawo su a duba, za mu kai su in an yi hutu.

In kin tashi tahowa, ba na son komai. To, ko dai hular sanyin nan mai kunnuwa, na gan ta a hotonki, ina so na ba direbobi dariya.

Yayanki

*

19 ga Yuli

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan kin koma lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Inna tana nan, ba ta cika magana ba yanzu. An duba yara. Biyu lafiya, babbar sun ce jijiyarta ta ɗan fi faɗi, za a riƙa aunawa duk shekara. Hular da kika kawo tana rataye a ƙusa, na kasa ba kowa.

Ni ba mai rubutu ba ce, kin sani. Amma akwai maganar da ta tokare ni tun kina nan, mutane sun yi yawa ban sami faɗa ba, kuma in ban fitar da ita ba ba zan sami sukuni ba.

Sau biyu na ji ki kina faɗa, sau ɗaya ga Inna, sau ɗaya ga likitar nan mai gilashi da ta zo gaisuwa, wai yayanki ya gane maganarki sarai, tsoron wuƙa ne ya sa ya ɗage aikin. Ban san inda kika samo wannan ba, kuma ya yi mini ciwo. Ni nake kwana da mutumin nan shekara goma sha tara. Yana da tsoro kamar kowa, amma ya riga ya shirya. Har jakar asibiti ya sa na haɗa tun Fabrairu, ya nuna mini inda takardun gida suke.

Wallahi bai gane ba. Takardarki a aljihun gaba take kullum, duk ta yi baƙin mai. Ba direban da bai karanta wa ba. Yana cewa ƙanwata ta tsayar da ciwon nan a ɓera, tana tafe da maganin. Ya sa na share masa wani ɓangare a firji, wai irin waɗannan magungunan ba sa son zafi.

Ranar da kika kira kika ce shago kike nufi, ina tsaye a wurin. Ba don fushi ya kashe wayar ba. Ya zaro takardar ya bi layin da yatsa, ya sake bi, sai ya ce, “Ashe shago take nufi.” Ya zauna a ƙasa nan bakin ƙofar kicin. Sannan ya ce, “Yarinyar nan za ta kashe kanta da tunani.” Wayar tana ta ƙara a gefensa, ya kasa ɗauka.

Daga ranar bai ƙara ɗaga ko bokiti ba. Safiyar da abin ya faru ma, saura kwana goma sha uku a yi masa aikin, takalmi kawai ya sunkuya zai sa.

Ban san me ya rubuta miki a ta ƙarshe ba. Ya rufe ɗaki, ya yaga takarda uku kafin ya gama, kuma ya ƙi nuna mini, shi da ko takardar makarantar yara sai mun karanta tare.

Ban rubuto don na ɗora miki komai ba, Allah ya gani, kwana ne ya ƙare. Amma yaransa suna girma, kuma ba na so su tashi suna jin cewa ubansu ya gudu daga magani. Ki daina cewa ya gane, Auta. Bai gane ba. Ke yake jira.

Antinki